DARASIN WANNAN WATA: GUZA, ƁARAWO KO MAI TAIMAKO?

Guza babban ƙadangare ne. Yana zaune a bakin kogi, tafki da fadama a yawancin ƙasashen Afirka. Tsawon babba yakan kai mita 2. Ɗan'uwansa shi ne damo, amma damo ya fi son tudu, kuma bai kai shi tsawo ba.

Abincinsa

Guza mafarauci ne. Yana cin kifi, kwaɗi, ƙaguwa, ɓeraye da mushe. Harshensa yana da reshe biyu kamar na maciji, da shi yake sansano abinci. Haƙoran babban guza suna da dakushi, sun dace da fasa dodon koɗi. Yakan tone ramin kada ya shanye ƙwai idan uwar ta gusa. Ya iya iyo, ya iya hawa bishiya.

Haihuwarsa

Da damina, in ruwa ya jiƙa suri, macen takan fasa shi ta saka ƙwai a ciki. Wani lokaci sukan kai 60. Daga nan sai ta yi tafiyarta. Gara kuwa sai ta liƙe wurin da aka fasa. Ɗumin suri da laimarsa su ke renon ƙwan har watanni da yawa. In sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan sukan haƙa hanya su fito, su fara cin ƙwari.

Guza da manomi

Gaskiya ne guza yana satar ƙwan kaji da 'yan tsaki. Amma kuma yana rage ɓerayen da ke ɓarna a gona, yana kawar da mushe. Inda aka ƙarar da shi, an rasa wannan taimako. Maganin satarsa shi ne a gyara akurki, a toshe kafofinsa, a riƙa kwashe ƙwai kullum.

Guza gudun mutum yake yi. In an rutsa shi, sai ya yi bulala da wutsiya, ya yi cizo. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je asibiti.

Ana farautarsa saboda nama da fata. Tun 1975 yarjejeniyar ƙasashen duniya mai suna CITES ta hana fitar da fatarsa waje sai da takardar izini.

Tambayoyi

1. Ina macen guza take saka ƙwai?
2. Wane amfani guza yake yi wa manomi?
3. Yaya za a kare kaji daga guza?