Yadda ake shafa wa mota silant da waks don fenti ya jure ranar Daura

Abu uku ke kashe fentin mota a ƙasar Daura: ranar bazara, ƙurar hunturu, da omo. Na ukun mu muke jawo wa kanmu. Garin sabulun wankin kaya yana kwashe duk man kariyar da ke jikin mota, don haka in yaron wanki ya ɗauko shi, ka dakatar da shi. Sayi sabulun mota na ruwa.

Fara da wanki, daga rufi zuwa ƙasa. Ka tsane ruwan nan take da tawul mai laushi, domin ruwan burtsatse in ya bushe da kansa tabo yake bari. Sai ka shafa tafin hannu a kan bonet. In ka ji kaushi, akwai datti da ya kama fenti, sai an bi shi da yumɓun goge fenti, ana yi ana fesa ruwan sabulu.

Silant, wato man kariya na haɗin sinadari, shi ake fara shafawa. Waks, wato kakin mota, ya biyo baya. Masu cewa duk ɗaya ne ba su san aikin ba: silant fenti yake kamawa, in ka ɗora shi kan waks bai sami abin riƙewa ba, wanki biyu ya tafi da kuɗinka.

Yi aikin a inuwa, jikin mota da sanyi. Kada ka fake ƙarƙashin darbejiya, kashin tsuntsu da 'ya'yanta za su ɓata maka aiki. Ɗiga silant kaɗan a soso, ka shafa siriri, ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi hazo-hazo, ja yatsa a kai. In wurin ya fito fes, goge.

To, nan ne ake faɗuwa. Silant yana son awa 12 zuwa 24 kafin ya kama, ba ruwa, ba raɓa, ba waks. A hunturu kuwa awa 12 sun isa ƙura ta lulluɓe mota. Don Allah kada ka ɗauki busasshen tsumma ka share ta, wannan ƙurar yashi ce, zane za ta yi wa fenti. Ka shafa da la'asar, mota ta kwana a gareji ko rumfa mai rufi, ka bar ta ta cika awowinta. In ƙura ta hau duk da haka, bayan lokacin ya cika ka ɗauraye da ruwa zalla, ka tsane, sannan waks.

Ni na fi son waks na kanoba, kakin da ake samu daga ganyen wata bishiya a Brazil. Turtle Wax da Meguiar's duk suna yin sa, in babu a Daura ka aika Ƙofar Ruwa a Kano. Amma karanta gwangwanin: wanda aka ce yana wanke fenti, zai kankare silant ɗin da ka sha wahala a kai. Shafi ɗaya ya isa.

Silant sau biyu a shekara, watan Oktoba kafin hunturu, da Mayu kafin damina. Waks ba ya daɗewa a zafinmu, musamman motar da ke wuni a rana a kasuwar Mai'adua. Da ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a bonet, sabunta shi. Motar da aka yi wa sabon fenti kuwa, bar ta aƙalla wata guda, ka kuma tambayi mai fentin kafin ka shafa komai.