Ɗana, Game da Birkin Nan da Ya Yi Tauri

Mahaifiyarka ta gaya mini tun makon jiya kake kukan birkin motarka ya yi tauri, sai ka tattara ƙarfinka ka danna kafin ta tsaya. Ta ce wai za ka lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, don na san halinka, in na kira ka a waya "to Baba" kawai za ka ce, ka ci gaba da harkarka.

Ka san ba ƙafarka kaɗai ke tsayar da mota ba. Buɗe bonet ka duba ɓangaren direba, jikin bangon da ya raba inji da cikin mota. Za ka ga wani baƙin abu mai faɗi kamar kwano biyu da aka kife wa juna, da ɗan tankin man birki a gabansa. Shi ne busta. A cikinsa akwai faifan roba da ya raba shi gida biyu. Injin fetur muddin yana aiki zuƙar iska yake yi, kuma akwai tiyo guda da ya taso daga inji ya shiga busta yana zuƙe iskar da ke ciki. Da ka taka birki sai iskar waje ta samu ƙofa ta gefe ɗaya, ta tura faifan nan, ta ninka ƙarfin ƙafarka. Ran da wannan zuƙar ta ɓace, birki na nan da ransa, amma an bar ka da shi kai kaɗai. Taurin da kake ji ke nan, galibi.

Ga gwajin da za ka yi a ƙofar gida ba tare da ka kwance ko ƙusa ɗaya ba. Kashe mota, ka taka birki sau 5 ko 6 har ya ƙame. Bar ƙafarka a kai, ka tayar da inji. In busta na da lafiya, za ka ji fedar ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka, kamar ta yi ajiyar zuciya. In ta tsaya ƙyam, to matsalar tana wajen iska. Sai ka kasa kunne. Tsit ɗin asuba ya fi, kafin masu babur su fito. Idan kana jin "sss" kusa da feda duk sa'ad da ka taka, ko silon inji ya rikice yana karkarwa, faifan cikin busta ya tsage.

Amma kada ka yi saurin sayen busta. Fara da tiyo, abin da ya fi araha. Zafin inji da zafin ƙasarmu suna busar da roba, ta tsattsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Murza shi da hannu ka gani. A bakinsa, ko a tsakiyarsa, akwai wani ɗan bawul na roba mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. Cire shi ka hura: ta ɗaya gefen iska ta wuce, ta ɗayan ya toshe. In ta wuce ta duka biyu, ya mutu. Na taɓa biyan kuɗin busta sukutum a wani gareji, aka ɗaura, taurin bai tafi ba, ashe ɗan bawul ɗin nan ne da bai kai girman babban yatsa ba. Har yau in na tuna ina jin haushin kaina, don ni na ƙi tsayawa a duba. Bas mai injin dizal kuwa, irin tsohuwar Hiace, famfo ne daban ke yi mata zuƙar, yana manne a bayan altaneta, can ake dubawa.

In wani ya ce maka bari a cire iska daga birki, ka gode masa kawai. Iska a cikin man birki laushi take sa feda, ta riƙa nutsewa kamar soso. Ba ta kawo tauri.

In gwajin ya nuna busta lafiya lau, sai a koma ƙafafu. A ɗaga motar da jak, a juya kowace taya da hannu. Wadda ta cije, ko wadda bayan 'yar tafiya ka ji ƙarfenta ya fi sauran zafi, fistin ɗin kalifarta ya yi tsatsa ya maƙale. A duba takalman birki kuma, wani lokaci zafi ya ƙone fuskarsu ta yi santsi tana ƙyalli, ka taka iya ƙarfinka ba sa kamawa. Man birki kuwa, karanta murfin tankin, za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Shi za ka zuba, a kuma sauya shi duk shekara 2, domin yana shan danshi. Kada ka yarda a ɗiga maka man inji ko man giya a ciki ko da cokali ɗaya ne, robobin ciki kumbura suke yi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Na ga kana kashe inji a gangara don ka rage shan mai. Na san fetur ya yi tsada. Amma da inji ya mutu, abin da ya rage a busta bai wuce taku 2 ko 3 ba, daga nan feda ta zama dutse. Duk direban da ya taɓa sauka Hawan Kibo daga Jos ya san ba a wasa da wannan. In tsautsayi ya sa birki ya ƙame maka kana tafiya, kada ka yi ta famfa shi. Danna da dukkan ƙarfinka ka riƙe, ka rage giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali ba da fizga ba.

Gobe in Allah ya kai mu, yaranka su hau Keke Napep zuwa makaranta, kada su shiga motar. Kai kuma ka yi gwajin nan bayan sallar asuba, ka kira ni ka faɗa mini abin da ƙafarka ta ji. In kuɗin gyara ne ya tsaya maka, kada ka ji nauyina. Ka gaida mai ɗakinka.