Ido da Kyamara a Zauren Kiɗan Fiyano

A ƙananan zaurukan kiɗa, irin su zauren Wigmore na birnin Landan wanda aka buɗe a 1901, akan rage fitilu kafin makaɗin fiyano ya fara kiɗa. Mai ɗaukar hoto sai ya gamu da matsala biyu: haske ya yi ƙaranci, ga kuma yatsun makaɗi suna gudu a kan maɓallai 88.

Ido yana da tasa dabarar. Cikin duhu, ƙofar ƙwayar ido takan buɗe daga kimanin milimita 2 zuwa 8. Haka nan ƙwayoyin halitta masu siffar sanda, da ke tantanin bayan ido, sukan tara sinadarin gani mai suna rodofsin, aikin da kan ci minti 20 zuwa 30. Walƙiyar kyamara guda tana wargaza sinadaran gani nan take, ta bar makaɗi da masu sauraro suna gani dishi-dishi. Dalili ke nan da ake hana amfani da ita.

Saboda haka gwanin hoto yakan kwaikwayi ido, ya buɗe ƙofar madubin kyamara sosai. Amma ba ya barin haske ya daɗe yana shiga, domin yatsu za su fito a dagule. Kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa yakan wadatar.

Aiki ga ɗalibi: ya dubi madubi a ɗaki mai ɗan duhu, ya kunna fitila, ya lura da yadda ƙofar idonsa ke tsukewa.