Jimmy Little, mawaƙin da bai manta da danginsa ba

Ostiraliya ƙasa ce mai nisa, ruwan teku ya kewaye ta. Ƴan asalin ƙasar baƙar fata ne, ana ce musu Aborijin. A shekarar 1788 Turawan Ingila suka sauka can. Suka ƙwace filaye, suka tara ƴan ƙasa da yawa cikin sansani, wani Bature yana iko da su.

A cikin irin wannan sansani, a bakin kogin Murray, aka haifi Jimmy Little ran 1 ga Maris 1937. Uwarsa ƴar ƙabilar Yorta Yorta ce. Da ita da ubansa duk suna waƙa. Yana da shekara 13 uwar ta yanke a yatsa. Ƙaramin rauni ne, amma ciwon tetanos, mai sandarar da jiki, ya shiga ta nan, ta rasu.

Yaron ya riƙe gita, ya koyi kiɗan kantiri. Wannan kiɗan mutanen karkara ne, manoma da makiyaya, asalinsa daga Amurka. A 1955 ya tafi babban birnin Sidni. A 1956 aka buga faifansa na farko. A 1963 ya yi wata waƙar addini mai suna Royal Telephone, wato tarhon Sarki. Rediyo ta yaɗa ta, Turawa suka yi ta sayen faifan. A lokacin nan kuwa ba a ma lissafa Aborijin cikin jimlar mutanen ƙasa. Sai a 1967 aka yi ƙuri'a, aka gyara dokar.

Suna bai sa Jimmy girman kai ba. Daga 1985 ya zama malami a wata makarantar Aborijin ta Sidni, yana koya wa matasa kiɗa. A 1999 ya fito da sabon faifai, ƴan zamani suka sake saninsa.

Da ya manyanta, ƙodarsa ta daina aiki. A 2004 likitoci suka dasa masa wata. Ya lura ciwon ƙoda da ciwon sukari suna cin mutanensa na ƙauye ƙwarai. A 2006 ya kafa ƙungiya mai sunansa, don ta shiga ƙauyuka da makarantu tana koya wa yara cin abinci mai gina jiki da rage kayan zaƙi. Ya rasu ran 2 ga Afrilu 2012, yana da shekara 75.

Masu karatu, Jimmy ya samu suna a birni, amma amfanin sunan ƙauye ya koma. Kowa ya samu sani, danginsa suna da rabo a ciki.

Tambayoyi
1. Su wane ne Aborijin?
2. Me ya kashe uwar Jimmy? In mutum ya yanke, me ya kamata ya yi?
3. Shekara nawa tsakanin faifansa na farko da rasuwarsa?
4. Wane aiki ƙungiyarsa ta sa gaba?