Alamar Ragi a Fuskar Mitar Awon Lantarki

Mitar awon lantarki, wadda masu gyaran rediyo da janareta suke kira malti-mita, na'ura ce da ake auna abubuwa uku da ita: ƙarfin turin wuta, wanda ake lissafawa da bolt; yawan wutar da ke bin waya, wanda ake lissafawa da amfiya; da kuma turjiyar da waya ke yi wa wuta, wadda ake lissafawa da om. Tana da wayoyi biyu masu tsinin ƙarfe, ja da baƙi. Sau da yawa ɗalibi yakan ɗora su a kan batir mai bolt 1.5, sai ya ga mita ta rubuta -1.5, nan take ya yanke hukunci cewa ko batir ya mutu ko mita ta lalace. Alhali kuwa dukansu lafiya lau suke.

Tushen wannan ruɗani yana ajin lissafi. A can an koya wa yaro cewa lambar da ke ɗauke da alamar ragi bashi ce, wato abin da bai kai sifiri ba. Wannan bayani ya dace da kuɗi, amma a sha'anin lantarki alamar tana nuna alkibla ne. Misali, idan aka ajiye mutum a hanyar Kano zuwa Zariya, aka ce ya riƙa rubuta ƙari ga duk motar da ta nufi Zariya, ragi kuma ga wadda ta nufi Kano, to motar da ta sami ragi ba ta rasa komai ba, gabanta kawai ta juya. Haka mita take. Tana kwatanta inda jar waya ta taɓa da inda baƙar ta taɓa. Idan jar ce a wuri mai turi mafi girma, sai lamba ta fito ba tare da alama ba. Idan an sauya su, sai lambar nan dai ta fito da ragi a gabanta. Girman lambar bai canza ba.

Su kansu sunayen ƙari da ragi yarjejeniya ce ta masana. Benjamin Franklin, mutumin Amurka, shi ya fara amfani da su a shekarar 1747, tun ba a san abin da ke gudana a cikin waya ba. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ƙwayar ilektiron a Kambirij ta Ingila, daga baya kuma ta tabbata cewa ƙwayoyin suna tafiya ne daga ɓangaren ragi zuwa na ƙari, akasin abin da aka ɗauka. Ba a gyara tsohon tsarin ba, domin lissafi yana fita daidai muddin kowa ya tsaya a kan alkibla ɗaya.

Wannan alama da ɗalibi ke tsoro, ita ce abin dogaron mai sana'a. Mai haɗa wutar sola, kafin ya jona wayoyin faranti da na'urar caji, yakan auna su. Idan ragi ta fito, ya san wayar da jar ta taɓa ita ce ta ragi, ko da kuwa launin robarta ya nuna akasin haka. Jona su a juye yana iya ƙona na'urar. Haka kuma mitar da aka sa a wayar batir, inda aka tsara ta ta nuna ƙari lokacin caji, da dare za ta nuna ragi, wato batir ne ke ciyar da gida. Tsofaffin motoci ma suna da irin wannan mita a gaban direba, mai sifiri a tsakiya, allurarta tana karkata dama ko hagu. Mita mai allura wadda sifirinta ke gefen hagu kuwa ba ta da wurin nuna ragi, sai dai allurar ta koma baya ta daki madogara, abin da kan iya lanƙwasa ta.

Sai dai akwai wurare biyu da alamar ke zama gargaɗi, kuma a nan ne ya wajaba malami ya tsananta. Na farko shi ne awon turjiya. Waya ko ƙwan fitila ba su da turjiyar da ke ƙasa da sifiri. Saboda haka idan mita tana kan om ta nuna ragi, ma'anarsa akwai sauran wuta a cikin abin da ake aunawa, ko dai ba a raba shi da batir ba, ko kuma wata kafasita tana riƙe da caji. Kafasitar tsohuwar talabijin ko ta inbata tana iya riƙe cajin da zai ji wa mutum ciwo bayan an zare filogi. A irin wannan hali, a janye hannu tukuna, a bar wa gwani ya sauke cajin.

Na biyu ya fi haɗari. Wutar gida a Nijeriya, mai kimanin bolt 230, tana kai da komowa ne sau 50 a kowace daƙiƙa, don haka ba ta da tsayayyiyar alkibla, kuma mita ba ta sa mata ragi idan an murɗa ta zuwa mazaunin da ya dace. Idan kuwa aka manta ta a mazaunin awon batir aka taɓa soket, sai ta nuna 'yan ƙananan lambobi kusa da sifiri, suna tsalle tsakanin ƙari da ragi. Wanda bai sani ba zai zaci an ɗauke wuta, ya kai hannu.

Domin haka, malamin da zai gabatar da wannan darasi a ƙaramar sakandare ya taƙaita gwajinsa ga batirin tocila. Ya ba kowane rukuni batir ɗaya, su auna, su rubuta, su sauya wayoyi, su sake rubutawa, sannan ya tambaye su abin da ya canza da abin da bai canza ba. Soket ɗin bangon aji kuwa, kada ya bari ɗalibi ya kusance shi da mita.