Kafin Ka Sayi Koren Fenti, Gwada Shi a Bango

Masu gida da iyayen amare, a sana'armu ta fenti babu launin da ya kai kore jawo saɓani tsakaninmu da masu ba mu aiki. Mutum zai ga kore biyu dab da juna a katin launuka, ya ce duk ɗaya ne, a sa ko wanne. Sai an gama shafe falo ya ce ba shi ya zaɓa ba.

Bambancin yana cikin sirkin da aka yi wa kowanne. Wani koren da ruwan ɗorawa aka sirka shi, kamar sabon ganyen zogale. Wani kuma da ruwan toka ko ɗan shuɗi. A ƙaramin kati ido ba ya kama wannan, amma idan ya mamaye bango huɗu sai ya fito fili.

Haske ne ke raba gardamar. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, da la'asar rana na ƙara wa mai sirkin ɗorawa kaifi har ya riƙa ɗaukar ido. Mai sirkin toka kuwa a nan yake kwanciya luf, amma ka kai shi ɗaki mai ƙaramar taga sai ya dushe, ɗakin ya yi duhu. Da dare kuma ƙwan lantarki ke da iko. Duba jikin kwalinsa: mai lamba 3000K haskensa ya karkata ga ɗorawa, mai 6500K fari ne tas, yana tono shuɗin da ke ɓoye a fenti. Ni dai a falon da rana ke shiga sosai, mai sirkin toka nake ba da shawara, musamman idan kujeru da labule masu ado ne.

Hoton waya kuwa, don Allah a daina kafa hujja da shi. Kowace waya da yadda take nuna launi.

Maimakon haka, ka sayi mafi ƙanƙantar gwangwani na kowane kore, a shafa su a bango, shafi biyu, faɗin kamar kamu biyu, da tazara tsakaninsu. A bari su bushe, domin ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin launinsa. Ka duba da safe, da la'asar, da dare, uwargida ma ta duba. Wanda kuka tsayar, ku saye shi lokaci guda, a gauraya bokitan wuri ɗaya kafin a fara shafi, don ko lambar launin ɗaya ce, haɗi yakan ɗan bambanta.

Mai fentin da ya ce gwaji ɓata lokaci ne, kada ka biye masa. Kuɗin gwangwani biyu bai kai na bokitin lita 20 da ladan sake aiki ba.