Agiye ba ta ragu ba, raba ta aka yi

Wata magana ta ƙi mutuwa a rahotannin ƙungiyoyi da kundin ɗalibai: wai jama'ar gundumar Agiye ta Nijar sun ragu. Ƙidayar 2001 ta ba ta mutum 276,938, ta 2012 kuma 245,996. Daga nan sai a shiga zuba dalilai, wannan ya ce yunwa ce, wancan ya ce cin rani ne ya kwashe matasa zuwa Katsina da Kano.

Ba wanda ya kwashe kowa. A watan Agusta na 2011 gwamnatin Nijar ta ƙara yawan gundumomi daga 36 zuwa 63, aka yanke Gazawa da Gangara daga jikin Agiye aka yi musu tasu gunduma. Sabuwar gundumar Gazawa ta fito da mutum 160,536 a 2012. In an haɗa biyun an haura 406,000, wato ƙarin kusan rabi cikin shekara 11. Wanda ya sa hannu a rahoto bai yi wannan ɗan lissafin ba ya ci amanar aikinsa, domin da irin waɗannan alƙaluma ake raba allurar rigakafi da azuzuwa da hatsin tallafi.

Ko Amurka ta sha wannan ciwon kai. A 2022 hukumar ƙidayarta ta amince jihar Konetikat ta ajiye tsoffin gundumominta takwas, a riƙa ƙirga ta da yankunan tsare-tsare tara. Iyakokin ba su hau kan juna ba, sai da masu bincike suka sauka zuwa garuruwa suka sake tara alƙaluma.

Maganin ke nan a nan ma. A sauka matakin ƙaramar hukuma, a tara na tsohuwar gundumar, wato Agiye da Cadawa da Gazawa da Gangara, sannan a gwada da 2001. Kowane jadawali a rubuta masa shekarar iyakar da aka yi aiki da ita.

Gundumar Gidan Rumji ba a raba ta a 2011 ba, amma tana da nata tarkon. In an ce "Gidan Sori" da ke cikinta, garin ake nufi, ko ƙaramar hukumar, ko ƙasar sarki, ko ƙauyukan da ke zuwa likitar garin? Abu huɗu ne, kowanne da yawan mutanensa. Mace takan kai ɗanta likitar da ta fi kusa, ba ruwanta da taswirar magajin gari. Wanda ya ɗauki yaran da ke cikin rajistar likita ya auna su da jama'ar ƙaramar hukuma yana iya samun rigakafin da ya wuce ɗari bisa ɗari, alhali wasu rugage ba a taka su ba.

Ƙungiyoyin da ke zana nasu "yankin aiki" su ne suka fi damalmala lamarin. Kafin su buga adadi, su nemi kundin sunayen garuruwa na hukumar ƙididdiga ta INS, su jera ƙauyukan da suka ƙirga ɗaya bayan ɗaya.